Layi Biyu a Hannun Farar Riga

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna shan rake, duk abin da kuke faɗa yana shiga kunnena. Wai Baba Haruna ba shi da sana'a. Wai sai an kawo masa motar da wani ya riga ya sha wahalarta, ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina yatsa, ya ce an yi ko ba a yi ba. Shekaranjiya har wani cikinku ya ce ko akuya aka sa wa tabarau za ta iya. To madalla. Ku gyara zama ku ji yadda akuyar ta koyi aikin, da ranar da saura kaɗan a karɓe tabaraun.

Ni bakanike ne tun asali. Shekara tara na yi a garejin Baba Modu, nan cikin Haɗejiya. Mutumin Birniwa ne, gajere mai kaurin wuya, ba ka ganin haƙorinsa sai motar da ta ƙi tashi ta tashi. Wata shida na farko ko sifana bai bari na riƙe ba. Mai ya fara koya min. Zai jera murafen kwalba huɗu a kan benci, ya zuba baƙin mai iri-iri a ciki, ya ɗaure min ido da tsumma. Sai in murza kowanne tsakanin yatsu, in shinshina, in faɗi wanne ne sabo, wanne ya je Kudu ya dawo sau uku, wanne aka tace da ƙyalle aka mayar cikin galan, wanne kuma ruwa ya shiga. In na kuskure sai ya kama kunnena da hannunsa mai giris ya murɗe. Ranar haka zan yini da baƙin kunne, duk wanda ya shigo garejin ya san Haruna ya faɗi jarrabawa.

"Bakanike zai yi maka ƙarya ɗaya, direba ya yi maka biyu," in ji shi. "Man nan bai iya ba. Sa hannunka ciki."

Wadda ta raba ni da gyara ta sa ni duba gyaran wasu ita ce Hajiya Falmata. 'Yar kasuwa ce, tana sayen tattasai da bandar kifi a ƙauyukan fadama tana lodawa zuwa Kudu, motocinta bakwai. Ba ta san bambancin lagireto da butar shayi ba, amma ta san ana cutarta. Lokacin kaka gareji ɗaya ba ya iya ɗaukar motocinta duka, don haka take rarraba su a gari. Kowa ya kawo mata rasit ya ce an yi sabis, bayan sati uku kuma mota ta tsaya a daji da kaya.

"Haruna, ba gyara nake so ka yi min ba," ta ce. "Masu gyara sun yi min yawa. In an ce an yi wa mota juye, kai za ka ce min an yi ko ba a yi ba. Ka ji ba?"

Don waɗanda ba su sani ba cikinku, juye shi ne a kwance notin da ke ƙasan inji, tsohon mai ya zube tas, a cire tsohuwar filta a ɗaura sabuwa, a zuba sabon mai. In cikakken sabis ne a haɗa da fulogi, da filtar iska, a duba birki. Aikin awa biyu ne ga mai tsoron Allah. Ga wanda ba ya tsoro kuwa, aikin minti goma ne da tsumma da ɗan fetur.

Motar farko da na duba wata akori-kura ce da aka yi wa sabis a hanyar Kaugama. Da na ɗaga bonet sai da na ƙifta ido, inji yana walƙiya kamar kwanon amarya. An goge filta da fetur, an goge wayoyi, har galan biyu marasa komai aka ajiye a bayan kujera don shaida. Na zaro sandar awon mai, na ga baƙi ƙirin, na murza na ji yashi. Na je wurin mai garejin na ce ya ba ni tsohuwar filtar da ya cire. Ya shiga ciki ya daɗe yana kwaramniya, ya fito ya miƙo min wata 'yar ƙarama. Na juya ta na ce, "Malam, wannan ai ta injin ban-ruwa ce." Ya dube ta, ya dube ni, ya ce wallahi shi ma ya yi mamakin ganinta a jikin motar.

Wata kuma rasit ya ce an sa mata sabuwar filtar iska da safe. Da la'asar na buɗe murfin, na tarar da ɓera ta yi gida da ƙaiƙayin shinkafa, har da 'ya'ya biyar jajaye ba su buɗe ido ba. Na kira bakaniken na nuna masa. Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Filtar sabuwa ce, Haruna. Ɓerayen Haɗejiya ne ba sa ɓata lokaci."

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa: tocila, farin ƙyalle, 'yar tabarma ta kwanciya ƙarƙashin mota, sifana biyu, sai yatsu da hanci. Kowace mota tana cin rabin awa ko fiye, in fito jikina duk mai. Sai wata rana da safe na ga kwalbar jan farce a kan tagar matata Hadiza, wadda aka ba ta a wani biki. Nan take shaiɗan ko basira, har yau ban tantance ba, ya raɗa min dabara. Kafin mota ta tafi gareji zan ja siririn layi da jan farcen, ya taso daga kan notin juye ya hau jikin inji. In ja wani daga filta zuwa mazauninta. In mota ta dawo layin ya karye, an kwance. In yana nan lafiya lau, ba a taɓa ba, ko da mai garejin ya rantse da kabarin kakansa.

Kwalbar Hadiza ba ta yi wata ɗaya ba ta ƙare, ta kuwa ce ba da ita ba, in je in sayi tawa. Haka na wanke ƙafa na shiga layin masu kayan kwalliya ranar kasuwa, da gemuna da komai. Na tsaya gaban rumfar wata Talatu, na rage murya na ce jan farce nake so, mai ja sosai. Ita kuwa ta ɗaga tata muryar yadda masu kifi ma za su ji.

"Malam Haruna, na hannu za ka sa ko na ƙafa?"

Na ce na mota ne. Ta ce ai duk haka ake cewa. Matan layin suka yi ta dariya har na fice, ina jin wata tana cewa in dawo akwai gazal mai kyau.

Amma dabarar ta ci. Kaka ɗaya na kama gareji huɗu. Direbobi suka sa min suna Injiniya, ni kuma sunan ya shiga kaina ya yi ɗaki. Duba mota ya koma minti biyu: in shimfiɗa tabarma, in haska tocila, in ga layi, in miƙe. Tunda ba na taɓa mai, sai na ɗinka farar shadda dal, da hula zanna, na riƙa zuwa aiki da su. Sandar awon mai kuwa na manta hanyar da take. A teburin mai shayi ina ba da labarin dabarata ga duk wanda ya zauna, har da nuna yadda ake jan layin da cokali. Ban taɓa tsayawa na lura rabin masu shan shayin kanikawa ne ba.

Sau biyu Baba Modu ya tare ni. Na farko bayan sallar Juma'a, ya kama hannun rigata ya murza ya ce, "Rigar nan ta yi fari da yawa, Haruna." Na ce na gode Baba, shadda ce mai tsada. Na biyu a wurin wani suna, ya tambaye ni yaushe rabona da in sa hannu a mai. Na yi dariya na ce masa zamani ya wuce nan, yanzu da ido ake aiki. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin goronsa.

Sai shekarar babbar ambaliya ta zo. Ruwa ya cinye gonaki, ya yanke hanyoyi, motocin Hajiya suka riƙa ratsa ruwa har ƙofa don ɗebo ɗan abin da ya tsira. Motar da ta sha ruwa irin haka, in ba a yi mata juye da gaggawa ba, injinta ya gama yawo. Hajiya ta sani, ta tura su gareji ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina haskawa ina ganin layi a karye ina cewa an yi. Cikin wata guda inji biyu suka buga. Mota ta biyun ta mutu ne bayan Kafin Hausa da tattasai maƙil, kwana uku kafin a samu mai jawo ta. Da aka buɗe tamfol, abin da ke ciki ya zama miya, warinsa har ƙudaje suna ja da baya.

Hajiya ta kira ni tsakar gidan da take ajiye motoci. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Haruna, duk biyun kai ka ce an yi. Wani yana cutata, kai kuma an ɗauke ka ne don ka nuna min shi. Na ba ka sati guda. In ba ka kamo shi ba, ka ajiye min tocilata."

Tocilar kam tata ce. Amma ba ita ke damuna ba. In Hajiya Falmata ta sallame ka a kan rashin iya aiki, babu mai mota daga nan har Birniwa da zai sake nuna maka ko keke. Gareji kuma ba ni da fuskar komawa, na riga na ɓata da rabin kanikawan gari. Kwana shida ina haska ƙarƙashin motoci, kowane layi a karye yake tsaf.

Ranar ta bakwai da hantsi motoci biyu suka dawo tare. Ɗaya daga garejin wani Ɗanliti, mutum mai fara'a da yake saya min shayi kullum. Ɗaya daga wurin Baba Modu. Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin ta Ɗanliti, layi a karye, na ce an yi. Na koma ta Baba Modu na haska. Layin notin yana nan, ja wur, ko tsagewa bai yi ba. Na haska filta, shi ma haka.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba. Gabana ya faɗi, amma ƙarƙashin faɗuwar gaban akwai murna. Na samu wanda zan miƙa, aikina ya tsira. Sandar awon mai tana nan, taku biyu daga inda nake kwance, ban ko tuna da ita ba. Na miƙe na karkaɗe farar rigata, na ce a gaban direbobi duka, "Hajiya, ga mai cutarki. Baba Modu bai taɓa motar nan ba."

Direbobi suka dubi juna. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara a garin nan ba a taɓa kama shi da noti ɗaya ba. Hajiya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a je a kira shi.

Ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, da buhu ɗaure a baya, kamar da ma jiran kiran yake. Ya gaishe da Hajiya da yarensu, ya gaishe da direbobi ɗaya bayan ɗaya, ni ko kallo ban samu ba. Ya kwance buhun ya zazzage a ƙasa. Ga tsofaffin fulogi huɗu. Ga galan cike da tsohon mai. Ga tsohuwar filta, da rabin jan layina a jikinta. Daga ƙarshe ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalba ya dangwarar a kan bonet.

"Talatu tana gaishe ka," ya ce. "Ni ma ta tambaye ni ko na ƙafa ne."

Wani direba ya ƙyalƙyale, ya yi sauri ya toshe bakinsa da hula. Ni kuwa sai a lokacin na gane. Ya yi aikin tsaf, ya kankare layina, ya ja nasa a daidai wurin.

Baba Modu ya ɗaga bonet ɗin motar da ya gyara, ya zaro sandar awon mai, ya ce in miƙo hannu. Na miƙa tafi. Ya ce ba nan ba. Ya kama hannun farar shaddata ya goga sandar a kai, a hankali, daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Layi ya fito garai-garai, launin zuma. Sai ya taka zuwa motar Ɗanliti, wadda na ce an yi, ya zaro tata sandar, ya goga kusa da na farko. Baƙi kamar gindin tukunya, har da ɗan yashi yana ƙyalli.

"Hajiya, ga yadda suke yi," ya ce. Ya ɗauki sifanata ya kwanta a ƙasa ƙarƙashin motar da ya gyara, ko tabarmar bai nema ba. Ya ɗan motsa notin kaɗan ya mayar. "Shi ke nan. Layi ya karye, ko ɗigon mai bai zuba ba. Filtar ma haka, a murɗa a mayar. Duk garin an sani tun bara, Haruna da kansa ya koya musu a wurin mai shayi. Na gaya masa da baki sau biyu, ya ce min ya gode."

Hajiya ta dubi hannun rigata, ta dubi kwalbar jan farcen, ta dubi fuskata. Dariya ta kama ta har ta zauna a kan buhun kifi tana share hawaye da gefen mayafi. Na soma sa rai. Sai ta gama, ta numfasa, ta miƙo hannu.

"Kawo tocilar, Haruna."

Na miƙa mata. Na juya zan tafi, ban ma san ina na nufa ba, sai na ji Baba Modu ya ce a dakata.

"Hajiya, hannun nan ni na yi shi, shekara tara. Ban sani ba ko ya lalace ko ajiye shi kawai aka yi. Bari mu gwada. In ya kuskure ɗaya, ni zan raka shi ƙofa."

Ya sa aka tsinto murafen kwalba huɗu, ya juya baya ya yi 'yan zube-zubensa, har da aika wani cikin gida. Ya ɗaure min ido da tsumman da yake goge hannu. Ga ni ɗan shekara arba'in da 'ya'ya biyar, da hula zanna, a tsugune gaban direbobi ana kama yatsana ana tsomawa.

Na farko santsi, ba wari. Na ce sabo ne. Na biyu ya yi kauri, yana ƙauri. Na ce wannan ya wuce lokacin juye da wata biyu aƙalla. Na uku na murza sau uku, yatsuna sun yi shekara huɗu suna hutu, ba su so tashi ba. Sai na ji wani ɗan sanyi da yauƙi a ciki. Na ce ruwa ya shiga wannan. Aka tsoma ni a na huɗu. Santsi ne kamar sabo, saura kaɗan in ce sabo. Sai na tuna koyarwar Baba Modu ba ta yatsa kaɗai ba ce, har da hanci. Na shinshina, na sake shinshinawa, na ɗan lasa.

"Baba, wannan ba na mota ba ne. Man gyaɗa ne, kuma an soya kifi da shi."

Tsakar gidan ta ɗauka da shewa, direbobi suna buga bonet. Na kwance tsumman na ga Baba Modu yana murmushi, duk da babu motar da ta tashi. Hajiya ta cillo min tocilar ta ce, "Ka riƙe. Amma da rigar nan za ka riƙa zuwa min aiki, kada a wanke hannun. In na ga ta sake fari, ka san sauran." Motocinta kuwa daga ranar ba su sake ganin ƙofar Ɗanliti ba, ni ma shayi ya koma daga aljihuna.

Da mutane suka watse na durƙusa gaban Baba Modu. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na kira shi macuci a bainar jama'a, shi kuwa sunansa na shekara arba'in ya ɗora a kan notin mota don kada a kore ni da sunan jahili. Da Hajiya ta ƙi kiransa fa? Da ta yarda da maganata kawai? Na fara jero ban haƙuri, bai bari na kai ƙarshe ba. Ya dangwali man Ɗanliti da yatsu biyu, ya kama kunnena ya murɗe, irin murɗar da. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Haka na ratsa kasuwa da baƙin kunne, na wuce ta gaban rumfar Talatu, ta leƙo ta ce yau kuma kalar ta canja.

Baba Modu ya rasu shekara shida ke nan, Allah Ya jiƙansa da rahama. Har yanzu ina jan layin, don ɓarayin su samu abin karyawa su saki jiki. Bayan nan in zaro sanda, in nemi tsohuwar filta a hannuna, in kwance fulogi ɗaya in duba bakinsa, in shiga ƙarƙashi in taɓa birki. Rabin awa, ba ragi. Rigar da kuke gani rataye bayan ƙofa, wadda kuke cewa ta mahaukaci ce, ita ce. Layin zumar ya dushe da shekaru, baƙin yana nan daram.

Ga murafe huɗu na jera a kan bencin, ga tsumma. Wanda ya kawo zancen akuya shi zai fara. Ajiye raken, ka matso nan, ka juyo min da kunnen dama.